Idan tsoro ya sa aboki ya ci amana, dole ne a yafe masa? Tambaya daga wani zaman karatu

Malamin Turanci, ƙasar Jahun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙasar Jahun, kuma tun zangon da ya wuce na saba zama da 'yan aji biyar duk ranar Alhamis bayan an tashi, a gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai, ina karanta musu labari da Turanci shafi-shafi ina juya musu shi zuwa Hausa. Kwafi ɗaya tal muke da shi, wanda na tsinta wajen masu baza tsofaffin littattafai a birnin Kano, bangonsa ma sai da na manne shi da salatif. Sunan littafin Divergent, wata 'yar Amurka mai suna Veronica Roth ce ta rubuta shi, ya fito a 2011. Yana cikin irin labaran nan da ake rubuta wa matasa game da wata duniya ta gaba wadda ta lalace, inda masu mulki suka kafa tsarin da ke shiga har tsakanin mutum da amininsa. Masana adabi na kiran wannan salo distofiya, ni kuwa nakan ce wa yaran labaran lalatacciyar duniya, don sun fi saurin kama hakan.

Ga abin da ya kawo ni. A labarin an raba mutanen birnin Shikago gida biyar, kowane gida da halin da yake ɗaukakawa, kuma yaro in ya cika shekara 16 sai ya zaɓi gidan da zai ƙare rayuwarsa a ciki. Yarinyar da labarin ke bi, Tris, ta bar gidan iyayenta ta shiga gidan masu jarumta, inda ake horar da sababbin shiga da dambe da harbi, ana jera sunayensu a allo daga na sama zuwa na ƙasa, an kuma shaida musu tun ran farko cewa goma kaɗai za a karɓa, sauran za a kore su su zama marasa gida masu aikin wahala. Cikin abokanta akwai wani ƙaton yaro mai sanyin hali da ake kira Al, wanda kan yi kuka da dare a ɗakin kwana, kuma tun da ya sumar da abokinsa a dambe ya daina yarda ya bugi kowa. Da sunan Tris ya hau saman allo, nasa kuma ya gangara ƙasa, sai ya haɗa kai da wasu yara biyu maƙiyanta, suka sure ta da dare suka nufi bakin wani rami mai zurfi da ruwa ke gudu a ƙarƙashinsa. An rufe mata ido, amma ta gane shi da ƙamshin sabulun jikinsa. Malamin horonsu ne ya kuɓutar da ita. Daga baya Al ya zo gaban abokansu yana hawaye yana neman gafara, ta ce ya nisance ta, ta kira shi matsoraci, ba a jima ba aka tsamo gawarsa daga ramin nan.

Ina rufe littafin sai zaman ya rabu biyu. Wata yarinya wadda ba ta cika magana ba ta ce da Tris ta yafe masa da bai hallaka kansa ba, saboda haka alhakinsa na wuyanta, tunda tsoro ne ya kai shi, ba mugunta ba. Wani yaro da ke zuwa a keke daga wata rugar Fulani ya ce wanda ya ci tuwo da kai da rana ya kuma riƙe ka da dare don a jefa ka rami ya fi maƙiyi sharri, domin maƙiyi dai ka san da zamansa. Aka yi ta musu har la'asar ta kawo jiki, daga ƙarshe duk suka juyo suna jiran in yanke hukunci, ni kuwa na ce mu haɗu mako mai zuwa, don gaskiya ban san abin da zan ce ba. Ina neman shawarar malamai da iyaye: shin tsoro uzuri ne ga wanda ya ci amanar aboki, kuma wanda aka cuta ya ƙi yafewa yana da laifi a abin da ya biyo baya? Ya dace ma in ba su amsa, ko in bar su da tambayar?

Tsohon Hedimasta, ƙasar Birnin Kudu

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan zama naka albarka. Na yi shekaru masu yawa ina shugabantar makarantu a karkara kafin in ajiye aiki, kuma jikokina sun sa na karanta wasu daga cikin littattafan nan, don haka zan tofa albarkacin bakina.

Ɗalibanka sun kama Al da Tris suna auna su, amma akwai wanda ya sulale daga shari'ar babu wanda ya waiwaye shi, wato wanda ya kafa allon. Wane ne ya ce goma kaɗai za a karɓa? Wane ne ya tara yara a ɗaki ɗaya suna ci tare suna kwana tare, sannan ya shaida musu cewa tsirar ɗaya faɗuwar ɗaya ce? A ganina duk ƙarfin irin waɗannan labarai yana nan, domin suna nuna cewa azzalumi ba ya bukatar ɗan doka a kowace ƙofa idan ya iya sa maƙwabci ya ji tsoron maƙwabcinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a waɗannan labarai mai mulki ne da kansa ke tsaga bangon.

Wanda ya fi fito da wannan a fili shi ne The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008. Ƙasa ce mai gundumomi 12, kowace shekara ana jefa ƙuri'a a ɗauki yaro ɗaya da yarinya ɗaya daga kowace gunduma, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna ana nunawa a talabijin. Mutane sukan tsaya a kan kisan, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata 'yar doka da aka saƙala a gefe. Yaron da gidansu ke fama da yunwa yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara guda na mutum ɗaya, a madadin a ƙara jefa sunansa sau ɗaya a cikin ƙuri'ar, kuma abin yana taruwa shekara bayan shekara. Yarinyar labarin, Katniss, tana da shekara 16 sunanta ya shiga sau 20, abokin farautarta Gale yana da 18 nasa ya shiga sau 42, alhali 'yar magajin gari ba ta taɓa bukatar karɓar ko tiya ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya ci bashin gero a watan Agusta a kan zai biya ninki da kaka ya san ma'anar wannan doka ba sai an yi masa tafsiri ba. Sakamakonta shi ne ɗan talaka ya tashi da haushin ɗan mai shago, su biyun kuma su manta da wanda ya riƙe rumbun.

Wannan tunani ya girmi littattafan matasa. Mu da muka karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, mun san yadda karnuka ke rufe bakin taro. Orwell ɗin yana da wani littafin mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, inda ake kai fursuna wani ɗaki mai lamba 101 a fuskantar da shi da abin da ya fi tsoro a duniya. Mutumin labarin ɓeraye yake tsoro, da aka kusanto da kejinsu fuskarsa sai ya yi kururuwa a yi wa masoyiyarsa maimakonsa. Da suka haɗu daga baya kowa ya amsa wa ɗan'uwansa cewa ya sayar da shi, amma zancen yafiya bai ko taso ba, domin babu sauran abin da za a ceto a tsakaninsu. Bambancin da na lura da shi a littattafan da ake rubuta wa matasa shi ne sukan bar ƙofa a buɗe ko da kaɗan ce, shi ya sa tambayar yafiya take da muhalli a cikinsu, shi ya sa kuma ɗalibanka suka sami abin musu.

Zan faɗi laifina a nan, tunda laifi tudu ne. Shekaru da dama ina tsayawa a taron ƙarshen zango ina kiran sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe a gaban makaranta duka, ina ganin hakan zaburarwa ce. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke faruwa a hanyar gida tsakanin na ɗaya da na ƙarshe ba, alhali sau da yawa 'yan unguwa ɗaya ne. Shawarata, Malam, ka koma ranar Alhamis ka tambaye su wa ya kafa allon, ka ga inda musun zai nufa.

Malamar Islamiyya, ƙasar Dawakin Tofa

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, na amfana da bayaninka, sai dai ina neman afuwa in ɗan saɓa maka. Ina fargabar idan aka ɗora komai a kan allo, yara za su tashi da fahimtar cewa mutum ba shi da zaɓi, duk abin da ya aikata tsari ne ya sa shi. Bisa yadda Malam ya ba da labarin, yara da yawa ne sunayensu ke ƙasan allon nan, amma ba dukansu ne suka fita da dare suka kama abokiyarsu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan gaskiya ce, amma warin daddawa bai taɓa wanke ɓera ba.

Malam, ɗalibanka suna da ma'aunin wannan tambaya a cikin abin da suke karantawa da yamma, ƙila dai ba a haɗa musu biyun ba ne. Shari'a ta san tsoro, ta kuma yi masa rangwame. Lokacin da mushirikan Makka suka azabtar da Ammar ɗan Yasir har ya furta abin da suke so, ayar da ke Suratun Nahl ta 106 ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Amma malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wani don ya tsira, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Ke nan tsoro yana sauke nauyin abin da ya tsaya a kanka kai kaɗai, ba ya sauke nauyin abin da ka ɗora wa wani. Al kuwa ko wuƙa ba a sa masa a wuya ba, matsayi yake tsoron rasawa.

Dangane da yafiya, ina ganin yarinyar nan taka ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Akwai sauke haƙƙi, wato mutum ya ce na bar wa Allah, ba zan bi ka bashi ba. Akwai kuma mayar da mutum mazauninsa na dā a zuciya da cikin gida. A sira akwai misalin kowanne. Gab da buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, Haɗib ɗan Abi Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi, wata mata ta ɓoye ta cikin kitsonta, aka tura su Sayyidina Aliyu suka karɓo. Da aka tambaye shi ya ce iyalinsa na Makka ba su da dangin da za su kare su, shi ya sa ya nemi abin da zai sa a raga musu. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya tuna masa cewa mutumin nan ya halarci Badar. Wannan tsoro ne da aka karɓi uzurinsa aka kuma bar mai shi a cikin jama'a, saboda tarihinsa da gaskiyar da ya faɗa nan take, kuma wasiƙar ba ta kai ga cutar da kowa ba.

Ɗaya misalin shi ne Wahshi, bawan da aka yi wa alkawarin 'yanci idan ya kashe Sayyidina Hamza, ya kuwa jefe shi da mashi ranar Uhudu a shekara ta 3. Da ya musulunta daga baya an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa lafiyarsa ba, amma Annabi ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Wannan shi ne mafi rahamar halitta, kuma bai ɓoye cewa ganin fuskar nan na tayar masa da ciwon baffansa ba. Idan haka ne, da wane dalili za mu ce wa yarinya 'yar shekara 16, wadda ko tabon jikinta bai warke ba, dole ta buɗe hannu a ranar da mai laifin ya ga dama? Suratush Shura ta kwaɗaitar da yafiya a aya ta 40, ta ce ladan wanda ya yafe ya kuma gyara yana ga Allah, amma ayar da ke biye ta ɗauke zargi daga wanda ya kare haƙƙinsa bayan an zalunce shi.

Abu ɗaya nake roƙonka, Malam, kada ka bar shi a matsayin ra'ayi riga. Ka shaida musu ƙarara cewa wanda ya hallaka kansa ba a ɗora alhakinsa a kan wanda ya ƙi yi masa magana, domin a cikin yaran nan ba za a rasa wadda wani ya taɓa cewa in ba ki yi kaza ba zan yi wa kaina kaza. Ka kuma ɗan sa ido a kan yarinyar da ta kawo maganar.

Ɗalibar Adabi, daga Sumaila

Malama, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara da cewa marubuciyar ba ta bar Tris ta wuce haka nan ba. A ƙarshen littafin an yi wa 'yan gidan jarumta wata allura da ke mayar da su kamar 'yan tsana ana juya su daga nesa, kuma a cikin wannan hali wani abokinsu mai suna Will ya ɗaga bindiga a kanta, ita kuwa ta riga shi harbi. Will ɗin nan shi ne saurayin babbar ƙawarta Kiristina. A littafi na biyu, wanda ya fito a 2012, ta yi ta ɓoye wannan magana har ranar da aka yi mata allurar da ke tilasta faɗin gaskiya a gaban jama'a, ƙawar tana tsaye tana ji. Wadda ta hana yafiya ta dawo tana bukatarta, kuma Kiristina ba ta ba ta nan take ba, sai bayan da ta ga da idonta yadda allurar farko ke raba mutum da hankalinsa. Ina ganin yara za su fi auna Tris da adalci idan sun kai wurin nan.

A littafi na uku na The Hunger Games, na 2010, akwai irin rarrabewar da Malama ta yi. An kama Peeta, yaron gundumarsu da aka zuba su a filin kisa tare da Katniss, an gurɓata tunaninsa da dafi har ya shaƙe Katniss da hannunsa ranar da aka ceto shi, amma sannu a hankali suka dawo da abin da ke tsakaninsu, domin ba da saninsa ya aikata ba. Gale kuwa, wanda bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ne ya taimaka wajen ƙirƙiro dabarar bam mai tashi sau biyu don ya rutsa da masu kawo ɗauki, kuma irin wannan bam ne ya kashe ƙanwarta. Ba ta tsine masa ba, ba ta kuma iya sake kallonsa ba tare da ta tuna ba, daga nan kowa ya kama gabansa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne The Giver na Lois Lowry, na 1993. A can an mayar da neman gafara ƙa'ida: yaro ya makara, ya tsaya gaban aji ya karanto kalmomin ban haƙuri, aji kuma ya amsa baki ɗaya cewa an karɓa. Kullum ana ba da haƙuri ana karɓa, a garin da mai renon jarirai ke yi wa jariri allurar mutuwa yana yi masa wasa. Duk lokacin da na ga an tara yara biyu an ce ku yafi juna tun ba a ji abin da ya haɗa su ba, sai in tuna da ajin nan.

Manomin rani, ƙasar Kura

Ban karanta ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba, amma da na karanta labarin da Malam ya kawo sai na ajiye waya na yi shiru, domin ni ne Al ɗin. Ina aji biyu a wata makarantar kwana, ni da aminina ɗan ƙauyenmu, wanda muke haɗa garin kwakinmu da ƙuli a akwati ɗaya, muka tsallaka katanga da dare muka je kallon ƙwallo a cikin gari. Wajen dawowa shi ya riga ni shiga, ni kuwa manyan ɗalibai suka cafke ni. Suka kai ni bayan ɗakin kwana suka sa na durƙusa a kan tsakuwa, ɗaya na riƙe da bel, suka ce sun ga mutum biyu, in na faɗi ɗayan za a bar ni da yankan ciyawa, in na ƙi gobe a kai ni gaban shugaban makaranta a kore ni. Ban kai bulala ta biyar ba na faɗi sunansa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne na ƙara da cewa shi ya ja ni, alhali ni ne na kawo shawarar. Babu wanda ya tambaye ni wannan, ni na ƙara da kaina.

Aka dakatar da shi na mako biyu aka ce ya zo da mahaifinsa. Mahaifin ya ce tunda kallo ya je yi, to ya dawo gona, bai sake komawa makaranta ba. Ni na gama, har na ɗan ci gaba.

Saboda haka da Baba Hedimasta ya ce a dubi wanda ya kafa allo, na yarda, domin yaro ɗan shekara 13 a kan tsakuwa da tsakar dare ba ya cikin cikakken hayyacinsa. Amma maganar Malama ce ta same ni, domin sunan da na faɗa tsoro ne ya fisge shi daga bakina, ƙarin da na yi kuwa nawa ne.

Na yi shekaru ina kauce masa a kasuwa. Ranar sadakar uku ta mahaifinsa, bayan mutane sun ragu, na bi shi zaure na faɗa masa komai har da ƙarin. Yana zaune a kan buhun shanshera yana jan casbi, ya ce ai tun a daren ya sani, domin ɗaya daga cikin manyan ɗaliban ya maimaita masa maganata kalma-kalma. Ya ce ya yafe tun tuni, ya miƙo mini kofin ruwa, na sha. Yau in injin ban-ruwana ya lalace nakan ari nasa, in ya rasa taki yakan aiko ɗansa. Amma akwai wani suna da yake kirana da shi tun muna kiwon awaki, wanda shi kaɗai ya san asalinsa, kuma tun daga daren nan ban sake jin sa a bakinsa ba. Malam yake ce mini, kamar kowa. Ban ga laifinsa ba, ban kuma taɓa roƙonsa ya dawo da shi ba.

Malamin Turanci, ƙasar Jahun

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da ku 'yan'uwa biyu, musamman ɗan'uwa manomi da ya buɗe mana cikinsa. Mun zauna jiya, amma da yake an shiga yankan gero yara 11 kaɗai suka tsaya. Na fara da tambayar Baba, kuma abin mamaki babu wanda ya taɓa tunanin allon, har wani ya ce ashe su masu horon ma kallo suke yi kamar masu zuga zakaru. Daga nan na kawo labarin Haɗib da na Wahshi, waɗanda yawancinsu sun sani amma ba su taɓa jera su kusa da juna ba, na kuma faɗi maganar da Malama ta ce kada in bari, da kakkausar murya.

Yaron nan mai keke ya sassauta kaɗan, ya ce ya yarda a yafe wa Al, amma kada a sake kwana ɗaki ɗaya da shi. Yarinyar kuwa ba ta sauka daga bakanta duka ba. Ta ce ta janye maganar alhaki, sai dai har yanzu tana ganin an karɓi Wahshi an bar shi da rai da hanyar gyara, har ya je yaƙin Yamama ya kashe Musailama da mashin nan, shi kuwa Al babu ko mutum ɗaya cikin abokansa da ya zauna kusa da shi a daren, kuma ba Tris kaɗai ce abokiyarsa ba. Ban sami abin da zan mayar mata ba, na ce ta rubuto mini wannan a shafi ɗaya kafin Alhamis. Na kuma yi magana da malamar da ke kula da 'yan mata don ta ɗan ja ta a jiki.

Saura babi kaɗan mu kai inda Tris za ta harbi Will, kuma ban gaya musu ba. Littafi na biyu ne ba ni da shi. Idan akwai wanda ke da kwafi, ko da ya yage, akwai direban da ke zuwa Kano daga garinmu duk Litinin, zan iya turo shi ya karɓa.